Akwatin da Kawu Ya Koya wa Ladabi

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da karatu, da ruwan da kike kiwo. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar Goggonki da kunnena na hagu, wanda ya bi na dama zuwa hutu.

Bayan haka, ana sanar da dangi na kusa da na nesa cewa ƙarfena na narka dalma ya ajiye aiki ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha tara yana bauta ba ƙorafi. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Na naɗe masa wayarsa, na kwantar da shi a aljihun tebur na sama, kusa da tsofaffin tabarau. Abin da ya shafe ki a wannan labari shi ne aikinsa na ƙarshe naki ne.

Kin rubuto cewa akwatin ƙara ƙarfin sigina na ɗakin gwajinku ya ƙone, sabo sai bayan wata huɗu, ga shi mako takwas kacal aka ba ki a tankin ruwan. Sai kika tuna kina da wani kawu, ɗan ƙanwar kakarki, wanda ya yi shekara ashirin da shida a ɗakin injin gidan rediyo. Na gode da tunawar, ko da yake na lura zumunci yakan yi ƙarfi idan wani abu ya ƙone.

To, ga akwati nan hannun direban motar safe. Fentin toka na yi masa, don kore ya ƙare. Mariƙin na tsohuwar jakar kayan aikina ne, kada ki raina shi, ya girme ki. Na bi zanenki: sigina ta shigo daga na'urar rada, mai hango abu daga nesa, da rauni, ta fita da ƙarfi zuwa na'urar naɗa. Sai dai na ga kin bar ƙofa a buɗe, babu abin da zai tare sigina in ta yi tsalle. A wurinmu wanda ya haɗa abu haka sallamarsa ake yi. Na sa masa 'yan dayod biyu su zama masu gadi, duk abin da ya ɗaga kai fiye da kima su lanƙwasa shi a hankali, su koya masa ladabi. Kuma da yake kusa da ruwa zai zauna, na cika cikinsa da ƙaro mai daskarewa, yanzu kamar dutse yake.

Kada ki kira waya. Kin san ba na ji, kuma maganar da ba ta isa a rubuta ta ba, ba ta isa a ji ta ba.

Kawunki.

*

Injiniya,

Gaisuwa, in har yanzu ana karɓarta a wurinku. Gwiwar Goggonki da sauƙi. Na faɗa ne don al'ada, ba don an tambaya ba.

Yau mako biyar da tafiyar akwati. Direba ya ce ya ba ki hannu da hannu, kika ce masa madalla, kika juya. Shi dai ya sami madalla. Ni da na zauna kwana tara da tabarau biyu a hanci ina laluben ƙafafun abubuwan da ba su kai ƙwayar gero ba, ko layi ɗaya.

Na taɓa karanta labarin mutanen da suke jefa wasiƙa cikin kwalba su saki a teku. Da ina jin tausayinsu. Yanzu na ga sun fi ni dabara, don su ba su san wanda ya ƙi ba su amsa ba.

Na gamu da mahaifiyarki a asibitin ido. Ta ce kullum kuna magana. Na ce mata, Yaya, ai ni ma muna magana, ni ke yi, ita ke shiru. Ta ce aiki ne ya yi miki yawa. Wane irin aiki ne kallon ruwa a cikin tanki da zai hana mutum neman biro?

In akwatin ya mutu, faɗa mini in san inda na gaza. In yana aiki, faɗa mini in huta. Shirun nan rashin kunya ne, ko da digiri nawa aka yi shi.

Kawunki, wanda har yanzu yake raye.

*

Kawu,

Ina wuni, ya jikin Goggo, ya kunne. Ka yi haƙuri, laifina ne. Ba raini ba ne, rasa abin da zan rubuta na yi.

Akwati yana aiki, bai taɓa tsayawa ba. Ni ce abin ya ƙi mini. Bari in gaya maka aikin, don ka ce kallon ruwa ne. Tankin na gilashi ne, tsawonsa mita talatin. A bakinsa akwai filafilin ƙarfe mai tura ruwa ya yi igiya, ni nake zaɓar tsayinta. A ɗaya ƙarshen radar tana tsaye a kan ƙafa uku, tana kallon ruwan a kaikaice, ta aika sigina ta saurari abin da ya dawo. Ƙananan igiyoyi ɗan kaɗan suke maidowa, layin da ke nuna siginar a gilashin na'ura ya riƙa rawa a ƙasa. Amma idan igiya ta miƙe ta yi tsini, daidai lokacin da take shirin karyewa, ya kamata abin da ta maido ya yi tsalle ya ninka sau da yawa, na ƙiftawar ido. Wannan tsallen shi ke ruɗa radar jiragen ruwa. Su ga igiya su ɗauka ƙaramin kwalekwale ne, ko su ga kwalekwale da mutane a ciki su ce igiya ce. Aikina in auna tsinin da igiya take kaiwa kafin ta yi haka.

Kwana arba'in ke nan ina tura ruwa. Igiya fiye da dubu uku. Babu tsalle ko ɗaya, Kawu. Layin santsi kamar an goge shi. Na sauya tsayin radar sau shida, na sauya wayoyi, na rataya ƙwallon ƙarfe a gabanta don gwaji, ya fito daidai. Farfesa ya fara yi mini kallon wadda ba ta san gabas ba. Jiya ya tambaye ni ko na tabbata na kunna na'urar.

Saura kwana goma sha shida. Bayan nan za a zubar da ruwan, a zuba yashi, wasu su shiga da nasu aikin har shekara ta zagayo. In ban sami komai ba, ba ni da abin rubutawa, kuma ba za a ƙara mini shekara ba.

A gaishe da Goggo.

'Yarka.

*

Injiniya,

Mun ga wasiƙa, mun gode wa Allah da ya nuna mana. Na karanta wa Goggonki da ƙarfi, ta ce in rage murya, maƙwabta ba su yi rajistar karatun ba.

An yafe miki shirun, musamman saboda layi ɗaya da na ja wa jan biro a ƙasa: "Babu tsalle ko ɗaya, layin santsi kamar an goge shi." Igiya dubu uku, ba ko ɗaya da ta tsallake. A shekara ashirin da shida ban taɓa samun shaida mai daɗin wannan daga manyana ba. Aikin masu gadin nan biyu ne da na gaya miki. Wani zai yanke kan siginar ƙiri-ƙiri kowa ya gane an yanka. Ni lanƙwasawa nake yi, ko mai ita ba zai gane an taɓa ta ba. Wannan ba a koyar da shi a aji.

Maganar tsallen da kike nema, ki kwantar da hankali. Yanzu da an kawar miki da hayaniya, abin da yake na gaskiya zai fito da kansa, in akwai shi. In kuma babu, ki rubuta babu. Masana da yawa sun yi suna da gano cewa abu babu shi.

Farfesan naku kuwa, ki nuna masa akwatin. Ba sai kin faɗi sunana ba, amma in ya matsa, kada ki yi masa ƙarya.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Na rubuta wannan ne don an koya mini fara wasiƙa da shi.

Me ka sa a cikin akwatina?

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin tanki. Na koma ɗaki na tono ta farko, na sami maganar masu gadin a shafi na biyu, tsakanin mariƙin jaka da maganar waya. Na aro na'ura mai koren layi daga ɗakin da ke kusa, na jona ta kafin akwatinka, na tura igiya ɗaya. Layin ya yi tsalle har ya kusa fita daga gilashin. Na jona ta bayan akwatinka. Santsi.

Kwana arba'in da huɗu, Kawu. Tsallen yana zuwa kullum, yana ƙwanƙwasa ƙofa, masu gadinka suna kora shi. Ni kuma ina rarrafe ƙarƙashin tanki ina zargin wayoyi, ina zargin radar, ina zargin kaina. Na yi kuka a banɗaki na wanke fuska na fito na ce wa Farfesa mura nake yi.

Wa ya ce ka gyara mini zane? Na bar ƙofar a buɗe ne don abin da nake jira ta nan zai shigo. Abin da kake kira hayaniya shi ne karatun nawa gaba ɗaya. Garin gyaran gira ka cire mini ido, sannan ka ja jan biro kana yaba wa kanka.

Ba zan iya naɗar komai ba tare da akwatin ba, siginar ba ta da ƙarfin da na'urar naɗa za ta ji. Ba zan iya buɗe shi ba, ka mai da shi dutse. Kai kaɗai ka san inda abubuwan nan biyu suke kwance. Na kira Goggo sau uku, ta ce ka ce a rubuto. To, na rubuto. Ka zana mini inda zan huda da abin da zan yanke, ka ba direba gobe. Saura kwana goma sha biyu, kuma kowace wasiƙa kwana biyu take ci a hanya.

'Yarka.

*

Injiniya,

Lafiyarmu ƙalau, tun da kin tambaya da irin wannan zafin zumunci.

Na fara da abin da ba ya buƙatar ilimin rada. An rubuta miki abin da aka sa a akwati, da tawada, a ranar da aka aiko shi. Kika ga shafi biyu sun yi miki yawa. Mutumin da aka miƙa wa takarda ya ƙi karantawa, ba ya dawowa bayan mako shida yana tambayar me aka ɓoye masa. Da kin amsa mini a makon farko kamar yadda 'ya'yan mutane suke yi, da wannan magana ta mutu tun tana jaririya.

Na biyu. Kin ga layi ya yi tsalle sau ɗaya a na'urar aro, kin yanke hukunci. Ni tsalle na sha gani har ya ci mini kunne. Waya ta saki, tsalle. Fanka ta tashi, tsalle. Wani ya kunna injin walda a bayan gini, tsalle. Kina da babbar motar lantarki mai tura filafili a ɗaki ɗaya da radarki, ga danshi, ga ɗigon ruwa yana fantsama, sannan ki ce mini duk abin da ya ɗaga kai saƙo ne daga igiya. Mun taɓa yin wani saurayi a wurin aiki da ya cire irin masu gadin nan don a cewarsa suna danne murya. Kafin azahar ya ƙona abin da aka yi wata uku ana jira. Yana sayar da taya yanzu, kuma na ji yana samun alheri.

In na gaya miki inda za ki huda, kika yanke, na'urar naɗar ta ƙone, sai ki rasa kwana goman ma da suka rage, a ce Kawu ne. Ba zan ba ki wuƙa ki yanka kanki ba don kin ɗaga mini murya a takarda. Ki kawo shaida cewa tsallen na ruwa ne, ba na mota ba. Abin da babba ya hango yana zaune, kin san sauran.

Maganar kuka a banɗaki ban ji daɗinta ba. Wannan ban karanta wa Goggonki ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa. Ka ci mini kwana huɗu da wasiƙa ɗaya, na ƙara biyu wajen haɗa maka shaida. Saura shida.

Gaskiyarka a abu ɗaya: ban karanta shafi na biyu ba. Na ga labarin ƙarfen dalma, na ga fenti, na ce Kawu ya fara, na ajiye. Wannan nawa ne, na ɗauka. Sauran naka ne.

Ga hotuna arba'in a cikin ambulan. Kowanne na ɗauke shi yadda gilashin na'urar aro da gefen tankin suka fito tare. Duba bayan kowanne, na sa lamba. Ashirin na farko, motar filafili tana aiki da dukan ƙarfinta, igiyoyi manya amma masu faɗin baya, ba tsini. Ka nemo mini tsalle a ciki. Ashirin na biyu, mota ɗaya, ɗaki ɗaya, danshi ɗaya, sai dai na matse igiyar ta miƙe. Na manna jan tef a gilashin tanki inda take yin tsini. Duba inda kan igiyar yake, ka duba layin.

Na'urar naɗar kuma tana ɗaukar ninki goma na wannan tsallen, yana rubuce a bayanta, na kwafo maka lambobin. Ba injin gidan rediyo ba ce, ba mai sauraro a ƙarshenta da za a fasa wa kunne.

Babba ya hango daga zaune, na yarda. Amma ɗakinku ya hango, ba nawa ba. Shekara ashirin da shida ana biyanka ka hana abu ɗaga kai. Ni shekara uku nake jiran ya ɗaga.

In motar da za ta iso ranar Alhamis ba ta zo da zane ba, zan sa kurfi da guduma in fasa akwatin, in ya mutu ya mutu. Mama ta ce kada in yi maka rashin kunya. Na ce mata ai a gidan na koya.

'Yarka.

*

Injiniya,

Lafiya. Ba lokacin dogon gaisuwa.

Na shimfiɗa hotunanki a tabarmar falo, layi biyu, Goggonki tana tsallake su tana mita. Na bi su da gilashin ƙara girma sau uku ina neman inda zan kama ki. Ashirin babu komai. Ashirin kuma, duk sanda kan igiya ya taɓa jan tef, layi ya tashi. Ba kafin ba, ba bayan ba. Na san hayaniya kamar yadda na san tarin Goggonki, kuma ban taɓa ganin hayaniyar da take cika alkawari sau ashirin a jere ba.

Ajiye guduma. Kifa akwatin, mariƙi yana kallonki. Daga jan sukurun da ke kusurwar dama, auna santimita uku zuwa hagu, biyu zuwa sama. Zanen yana bayan takardar nan, da girmansa na gaskiya, ki ɗora shi a kai ki huda ta cikin alamar. Da abin huji mai siririn baki, a hankali, kada ki wuce zurfin rabin santimita. Za ki ga ƙafafu biyu na azurfa kusa da juna. Yanke duka biyun, kada ki taɓa koriyar wayar da ke ƙarƙashinsu. Toshe ramin da kakin kyandir saboda danshi.

Na kai wa direba da kaina tun kafin ya gama shan shayi, na tsaya har motar ta tashi.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina wuni. Ya gwiwar Goggo, da gaske nake tambaya wannan karon.

Na huda, na yanke. Igiyar farko da na tura, layin ya tashi har na ja da baya. Na kira Farfesa, ya tsaya ya kalli goma a jere, sannan ya cire kwat ya karɓi maɓallin filafilin da kansa. Kwana biyu muka yi muna turawa, mun naɗi igiya ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ranar Asabar suka buɗe famfon ƙasa, ina tsaye ruwan ya tafi.

Dubu uku na tsara, ɗari biyu na samu. Farfesa ya ce sun isa a rubuta, amma rabin tambayar kawai za su amsa, sauran rabin sai wanda ya zo bayana. Ba za a kore ni ba. Ba kuma zan gama da 'yan ajinmu ba, sai bayan wata shida.

Har yanzu ina fushi, kada ka ɗauka ya wuce. Amma akwatin bai yi ko gezau ba, Farfesa ya tambayi wanda ya haɗa shi, ban yi masa ƙarya ba. Duka labarin na ba shi.

Ga masu gadinka nan a cikin ambulan, na tono su. Ba su da aiki a nan.

'Yarka.

*

Injiniya,

Gwiwa da sauƙi, ta ce a gode miki.

Masu gadi sun iso lafiya. Na kwantar da su a aljihun tebur na sama, kusa da ƙarfen dalma, su yi ritaya tare.

Zanenki daidai yake tun ranar farko. Ni ne na yi kuskure, kuma wata shidan nan ni na ci miki su. Ki yafe wa kawunki in fushin ya sauka, ba sai kin yi sauri ba.

Na tsaya a shafi ɗaya don ki karanta duka.

Kawunki.